Baba Ina-Na-Biyu da Faifan Ranar Wanki

Da ƙarfe takwas na safe yake ɗaga ƙofar shagon, da hannu biyu, don ta daɗe da fin ƙarfin hannu ɗaya. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran agogo da mai buga takardu. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da bencin da mutum uku za su zauna in sun yi haƙuri da juna. Zai goge tabarau da bakin riga, ya zauna, ya jira wanda zai fara shigowa da kuka. Shekara ashirin da shida ke nan. Ƙarshen watan nan zai sauke ƙofar, ba kuma zai sake ɗaga ta ba. Idanu sun gaji, hannu ya fara rawa in ya riƙe ƙaramin sukundireba.

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Baba Ina-Na-Biyu ake ce masa. Duk wanda ya shigo rungume da kwamfuta yana cewa ta mutu da hotunansa ko takardunsa a ciki, kafin Baba ya taɓa ta sai ya tambaya: "Ina na biyu?" Wato ina kwafin da ka ajiye a wani wurin. Mai agogo ya ce mini tun yana da baƙin gashi yake jin tambayar nan ta bango.

"Cikin goma, tara sai su kalli ƙasa," in ji mai agogon. "Na goman kuma ya ce ai ya ajiye, a cikin kwamfutar da ta mutun."

Wannan shi ne halinmu, kuma na gaji da yi masa ado. Mutum zai sa wa ƙofarsa kwaɗo biyu, ya kai wa maƙwabci makulli, amma hotunan 'ya'yansa tun suna zanin goyo, takardun aikinsa, duk ya zuba su a faifai ɗaya ya ce Allah ya tsare. To ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Mu da muka yi boko mun fi kowa laifi. In an ce mu zaɓa wa iyayenmu manhajar da za ta riƙa kwafe musu ajiya, sai mu ɗauko wadda za ta nuna mun iya, mu bar tsoho da allo cike da maɓallai kamar gaban jirgin sama.

Abin da na gani da idona zan faɗa. Gwaggona malamar firamare ce da ta yi ritaya. A shekarar da mijinta ya yi yana jinya, kusan kullum takan zauna kusa da gadonsa ta ɗauki muryarsa yana ba da tarihin gidansu, wa ya haifi wa, wa ya tashi ya koma ina. Zama arba'in da ɗaya. Bayan rasuwarsa duk suna cikin kwamfutarta ta ɗaki, ba su a ko'ina kuma. Shekara uku da suka wuce na raka ta wajen Baba don fankar kwamfutar tana ƙara. Ya gyara, ya yi tambayarsa, ta kalli ƙasa.

"Malama, wace rana kike wanki?"

"Wanki kuma? Kwamfuta na kawo maka, ba tsumma ba."

"Na gani. Wace rana?"

"Asabar."

"Kin taɓa mantawa?"

"Shekara arba'in, ko ranar da na haihu sai da aka yi."

"To an gama."

Ya sa mata wata manhaja da ba ta da komai sai babban maɓalli ɗaya. Ya haɗa ta da faifan ajiya mai girman tafin hannu. Ranar Asabar, in ta jiƙa kaya, ta jona faifan ta danna maɓallin. Kafin ta gama ɗauraya maɓallin zai zama kore. Sai ta zare faifan, ta sa a gwangwani mai murfi, ta ajiye a kan kantar ɗakinta kusa da sabulu, nesa da kwamfutar. Duk hannun da ya je ɗaukar sabulu zai ci karo da shi.

Na tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan, ga manya-manya ana yayi. Ya ce wannan tana kwafe hoto a matsayin hoto, kowace kwamfuta za ta buɗe ko babu manhajar. In ka goge abu bisa kuskure, ba ta bin sa ta goge na cikin faifan. "Kuma ba ta tambaya. Manhajar da za ta yi wa tsohuwa tambaya ba ta tsohuwa ba ce."

"Wace ce tsohuwar?" in ji Gwaggo.

"Ni ne, Malama, ni ne."

Sai ya yi abin da yake yi wa kowa, abin da ya sa wasu suka yi fushi suka daina zuwa. Ya buɗe hoton aurenta, ya goge shi a gaban idonta, ya bi shi kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa. Gwaggo ta yi salati ta miƙe tsaye. Shi kuwa ya ja kujerarsa baya, ya mai da hannuwansa bayansa.

"Dawo da shi."

"Kai za ka dawo da shi, tunda kai ka ɓatar!"

"Ranar da za ki nema, wataƙila ba na nan."

Minti ashirin tana gumi tana yi masa faɗa, bai taɓa komai ba. Da hoton ya dawo da hannunta sai ya ce, "Ajiyar da ba ka taɓa ɗaukowa ba, zato ce."

Bayan wata shida babban ɗanta, wanda muke kira Injiniya, ya zo hutu. Ya ga maɓalli ɗaya ya yi dariya. "Mama, wannan ai ta zamanin da ce." Ya cire ta, ya sa wadda ke tura komai intanet da kanta, mai kalmar sirri da shafuka bakwai na zaɓi. Manhaja ce mai kyau, ba zan ɗora mata laifi ba. Ni ma ina wurin ina gyaɗa kai. Ya koma bakin aikinsa. Ba a yi mako ba ta fara fito da wani ɗan akwati a allo da tambaya cikin dogon Turanci. Gwaggo ba ta son damun ɗanta yana aiki, sai ta riƙa rufe akwatin kowace safiya kamar mai korar ƙuda.

A farkon watan nan kwamfutar ta ƙi tashi, sai wani ƙas-ƙas daga ciki. Injiniya ya zo, muka tafi mu uku. Mun tarar da rabin shagon a cikin kwalaye. Baba ya ciro faifan cikin kwamfutar, ya kara a kunne, ya girgiza kai. Injiniya ya ce babu damuwa, ya buɗe ajiyar intanet a wayarsa. Takardu suna nan. Hotuna kaɗan. Murya ko ɗaya babu. Ashe akwatin nan izini yake nema kafin ya tura manyan fayiloli, shekara biyu da rabi yana jiran amsa.

Baba bai ɗago kai ba. Da muryar wanda ya san amsar da zai ji, ya ce, "Ina na biyu?"

Gwaggo ta buɗe jakarta ta fito da gwangwani. Shagon ya ɗauki ƙamshin sabulu.

Ashe tun a watan da ɗanta ya tafi ta naɗe kwamfutar a zani ta koma wajen Baba ita kaɗai. Bai cire ta Injiniya ba, ya dai mayar mata da mai maɓalli ɗaya a gefe. Ya ce kada ta faɗa, yaro ne mai kirki, ilimi ne ya yi masa yawa.

Baba ya tura mata tsohuwar kwamfutarsa, ya mai da hannuwansa baya. Ta jona faifan, ba ta yi minti biyu ba. Sai muka ji gyaran muryar marigayin mijinta, sannan: "Kin kunna? To matso da shi kusa, ba na son ɗaga murya." Mai agogo ya tsaya a bakin ƙofa. Injiniya ya fita ya tsaya yana kallon titi. Da ya dawo, Baba bai yi masa gori ba.

"Taka ma ka gyara ta, ta zama na uku, ko da gobara za ta tashi. Amma ka zauna kusa da ita ka ga inda hannunta ke tsayawa. Daga nan ake zaɓe."

Baba, kai ne ka yi shekara ashirin da shida kana maimaita kalma uku ga mutanen da ba sa ji, ba ka kuma daina ba. Kai ne aka kira mai tsaurin kai don ka ƙi sakin kwamfuta sai mai ita ya dawo da abinsa da hannunsa. Rumbun marasa rumbu. Babu wanda zai shirya maka taro, don aikinka ba ya ganuwa: in ya yi kyau, babu abin da ke faruwa. Mun gode. Gwaggo ta gode, da jikokin da za su ji muryar kakansu. Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa ido haske.

Ku kuma da ke karanta wannan, shagon zai rufe, babu sauran bencin da za ku zauna ku yi kuka. Ku nemi faifai, ku zaɓi manhajar da mai kwamfutar zai iya da kansa, ku goge abu ɗaya ku ga ko zai dawo. Ku yi wa iyayenku, amma ku mai da hannuwanku baya.

Jiya na je taya shi ɗaure kwalaye, ina ta faɗa a kan sakacin mutane. Ya bar ni na gama, ya zare tabarau ya murza ido.

"Ka yi gaskiya," ya ce. "Kai wace rana kake wanki?"