Takun Baba

Shekara da shekaru Baba ne mai zana layin filin ƙwallonmu a Roni. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya sauke shi. Manomin gero da gyaɗa ne, ƙwallo kuwa ban taɓa ganin ya sa mata ƙafa ba. Amma da damina ta ɗauke, ruwa ya wanke layuka ƙaf, sai ya ɗauki tsohon bokitinsa ya bi gidajen unguwa yana karɓar tokar murhu. Matan unguwa sun san lokacin, tara masa suke yi. A gidanmu kuwa, ko ruwan toka Inna za ta tsiyaya don miya, sai ta faki idonsa.

Da ƙafa yake awo. Daga gindin tsamiyar gabas zai yi bisimilla, ya taka ɗari da ashirin zuwa yamma, ya kafa turke. Faɗi kuma taku tamanin. Sandunan gola na itace ne, duk damina cire su ake yi saboda gara, don haka kowace shekara inda Baba ya tsaya nan ake haƙa musu rami. Idan yana ƙirga, ko sallama ka yi masa ba zai amsa ba sai ya kai ƙarshe.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na zama malamin makaranta, ƙungiyar ƙwallo ta ɗora mini sakatare, sai ya samu abin kirana. "Sakatare" a gida, "Sakatare" a gona, har a gaban surukaina.

A zamanina ne aka tashi gyaran filin. Wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a Kano ya ɗauki nauyin katanga da ƙofa da golar ƙarfe. Aka ware wani ƙaramin fili a gefe don atisaye, da ɗakin sauya kaya, tunda dā a bayan tsamiya yara ke tuɓewa. Sannan ga abin da aka fi ji da shi, rumfar manya: kujeru masu katifa, inuwa, lemo mai sanyi da tsire. Attajiri ko ma'aikaci zai biya ya kama kujera ta kakar wasa guda, a liƙa sunan shagonsa a jiki, da kuɗin nan ƙungiya za ta riƙa ɗinka riguna da ɗaukar mota zuwa Babura ko Gwiwa. Ni dai rumfar nan ba ta kwanta mini ba. Mutanen da ko dokar satar gida a ƙwallo ba su sani ba, su ne za su zauna a inuwa! Amma na sha tura motar haya da 'yan wasa a hanyar Gwiwa, don haka na amince.

Aka ɗauko mai awo daga Kazaure da tef ɗinsa. Ya ja daga tsamiya zuwa ramin golar yamma, ya duba, ya sake ja, ya cire hula ya sosa kai.

Ya ce, "Malam, wannan fili ne ko tabarma? Ai ya gaza nesa ba kusa ba."

'Yan kwamitin gyaran filin suka tuntsire da dariya. Wani ya ce shi ya sa mutanen Gwiwa kullum ke ƙorafin filinmu ya yi musu kaɗan. Wani ya tuna yadda golanmu ke buga ƙwallo ta faɗa hannun golan can, muna ta yi masa kirari, ashe ba ƙarfin ƙafa ba ne. Ni ma na yi dariya. Sai mai awon ya tona gaba can cikin ciyawa, ya ci karo da ruɓaɓɓun guntayen turaku, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan fi na bayansa nisa. Nan dariyata ta tsaya. Ƙirgan Baba bai taɓa kuskure ba, ɗari da ashirin ɗin nan suna nan daram. Takunsa ne ke raguwa kowace shekara, filin yana binsa, mu duka ba wanda ya lura.

Shugaban kwamiti ya ce daga yau da farin fenti za a ja layi, Baba kuma a ba shi kujera ta dindindin a rumfar manya, kyauta, don girmamawa. Ya ce tunda mahaifina ne, ni zan gaya masa. Kai, ban taɓa jin nauyin aike irin wannan ba. Mutumin da duk garin nan ba abin da yake tinƙaho da shi sai layin nan, in je in ce masa ƙafarsa ta gaza?

Ƙarya na yi masa. Na same shi yana gyaran fartanya, na durƙusa na ce, "Baba, an ce dokar ƙwallo ta canja, an ƙara wa fili tsawo. An kuma ba ku kujera a rumfa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, Sakatare. Kujerar da katifa?"

Na ce da katifa.

Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da aikinsa.

Ana gobe buɗe fili, da hantsi, ina can ina jera kujeru sai ga shi da bokitinsa. Mai gadi bai iya hana shi ba, wa zai iya? Ya ajiye bokitin a gindin tsamiya, ya dubi farin fentin nan, ya yi bisimilla ya fara takawa. Na bi shi a baya. A ranar na fara ganin tafiyarsa da kyau: ƙafar hagu ja yake yi, kafaɗa ta ranƙwafa. Da ya kai ɗari da ashirin ya tsaya cak. Golar ƙarfe tana can gaba, da sauran tafiya.

Ya dubi tazarar da ta rage. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sakatare, ba doka ce ta canja ba ko?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Ashe haka na tsufa, ba wanda ya gaya mini."

Wallahi hawaye ne suka zubo mini, ni da ɗalibai ke tsoro. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu, wai in yi shiru kada in ɓata masa ƙirga. Ya ci gaba da takawa, ɗari da ashirin da ɗaya, da biyu, har ya dafa sandar gola.

Ya ce, "Ɗari da arba'in da uku. Rubuta, ba kai ne mai biro ba? Baɗi kuma ka ƙara mini taku biyu."

A taron kwamiti na yammacin ranar na yi faɗan da ban taɓa yi ba, har shugaba ya ce in zauna in sha ruwa. Ban zauna ba sai da aka amince: babban fili na fenti ne, amma filin atisaye na Baba ne da tokarsa, kuma duk kaka shi zai fara taka babban filin kafin a ja layi. Kujerar rumfa sau ɗaya ya zauna a kanta, ya ci tsiren, ya ce katifar ta cika laushi, daga nan ba a ganin ko layi ya miƙe. Ya koma gindin tsamiyarsa.

Takardar da na rubuta ƙirgan nan tana nan a cikin littafina. Sau huɗu, kaka bayan kaka, na ƙara masa biyu.