Jan Idon Tsuntsun Sapiah

Shagon Pak Dahalan yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki, kuma ba na son bi ta wajen. A da, ƙamshin katako da gam ne ke tarar mutum tun daga bakin layinmu a George Town. Ni a ƙofar shagon nake kafa teburin shayi da nasi lemak, shinkafarmu ta ruwan kwakwa, don haka babu abin da aka faɗa a ciki da ya wuce kunnena, kuma ban taɓa yin kamar ban ji ba.

Sana'arsa sa hoto a firam. Na aure, na makaranta, ayoyin ratayewa, duk yana yi. Amma ransa na kan tsofaffin hotunan tsuntsaye, irin waɗanda aka buga a manyan littattafai tun zamanin kakanni, aka bi kowanne da burushi aka sa masa launi da hannu. Da Turawan gonakin roba suka tattara suka tafi, littattafan suka rage a sito, gara ta ci rabonta. Dillalai suka riƙa farke sauran shafi-shafi suna kawo masa, masu otal da likitoci suna saya suna ƙawata bango.

Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. Ba ya barin takarda ta taɓa gilashi, don danshin garin nan manne su yake yi. In ruwa ya ɗauke, sai ya buɗe firam ɗin shagon kaf ya shanya hotunan a inuwa kamar kayan jariri. Babbar dokarsa kuwa, ba a ƙara wa tsohon hoto ko ɗigo. In aka kawo wanda ya koɗe aka ce ya ɗan farfaɗo da shi, sai ya cire tabarau ya ce, "Mai launin nan ya rasu. Ni ba na sa hannu a aikin mamaci."

Hoto ɗaya ne ya ƙi sayarwa: barau-barau, tsuntsun nan mai kai ruwan ƙwai, rataye a saman teburin aikinsa. Don matarsa Sapiah ya ajiye shi. Ita 'yar bakin kogin Perak ce, inda kukan barau-barau ke tashin mutane da safe. Ya ɗauka zai burge amarya. Tana ɗaga kai ta kira shi yadda muke kiran maigida a nan, ta ce, "Abang, wannan ba namu ba ne. Namu jan ido gare shi. Wannan baƙi ƙirin."

Bai yi musu ba. Ya ce masu sa launin can London suke, ba su taɓa ganin tsuntsun da rai ba, busasshiyar fata ake aika musu a jirgin ruwa, ido kuwa ba ya kai labari.

"To ka gyara mana."

"Ba a gyarawa."

Daga nan gardamar ta soma, har suka yi furfura. Kullum ta sauko masa da abincin rana sai ta gai da hoton kafin ta gai da mijin: "Baƙon London, an wuni lafiya? Har yanzu maigidan bai sama maka ido ba?" Shi kuma ya ce, "Normah, ba wa Yayarki shayi ko bakinta ya huta." Ni ce Normah, kuma ina tare da ita tun ranar farko, don taurin kansa yakan ba ni haushi.

Ana nan ciwon suga ya kama Sapiah, ya hau idonta. Likita ya ce ganin tafiya yake, ba ya dawowa. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: ta sake ganin barau-barau kafin duhu ya rufe.

Pak Dahalan, wanda ko ranar Salla sai ya leƙa shago, ya sa kwaɗo ya shiga yawo. Ya bi kasuwannin tsuntsaye. Ya je filayen da tsofaffi ke ɗaga keji a kan dogayen sanduna suna gasar kuka. Ya hau mota har ƙauyensu. Kogin na nan, tsuntsun babu, masu tarko sun kwashe su tas saboda daɗin muryarsu. Ya dawo da nonon ayaba a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Ranar na ji tausayinsa ƙwarai.

"Ka sha wahala a banza," in ji Sapiah. "Ga ɗaya nan a bangonka."

Sai dattijon nan ya yi dabara. Ya ɗiga jan fenti a kan gilashin, daidai idon, takarda ba ta san an yi ba. Ya kai mata yana washe baki. Ita kuwa a lokacin da hannu take fara duba komai. Ta shafa gilashin, ta ji danshi, ta kai yatsa hanci.

"Abang! Shekara da shekaru ina dafa maka abinci, ka saka mini da kwalliyar gilashi? Normah, zo ki ga yadda ake yi wa makauniya wayo."

Dariya take yi, amma muryarta ta karye a ƙarshe. Shi kuwa ya ɗauki hoton ya mayar bango.

Washegari da hantsi ya sauko da hoton, ya kife shi a tebur. Sapiah na zaune kan kujerarta a bakin ƙofa, kusa da ni. Ya ɗauki filaya ya shiga zare ƙusoshin bayan firam ɗin, tsofaffi ne, kowacce sai ta yi ƙara kafin ta fito. Ya dama ja da ɗan ƙaro don ya yi sheƙi. Ya zaro takardar, ya kai burushi kan idon tsuntsun. Ɗigo ɗaya ya sa.

Da ya bushe, ya miƙa mata takardar tsirara, ba gilashi. Ta kai ta har kan hancinta, ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," ta ce. "Sannu da zuwa gida."

Pak Dahalan ya zagaya baya wai zai wanke burushi. Burushi ɗaya, amma ruwan famfo ya yi ta zuba.

Duka biyun yanzu suna ƙasa, hoton kuma yana falona. Wani dillali ya duba ya ce an ɓata shi, na ce ya sha shayinsa ya ƙara gaba. Duk sanda na kalle shi, abin da ke dawo mini shi ne yadda ta jawo hannuna a ranar, famfo na zuba a baya, ta yi ƙasa da murya.

"Normah, jan ya fito da kyau?"

"Yaya, ba ki gani ba?"

"Ina fa. Idon ya riga ya tafi." Ta shafa gefen takardar a hankali. "Amma na ji lokacin da yake zare ƙusoshin."