Tsohon Finland da Gayyatar Asabar

Shekarar da na fara digiri na uku a ƙasar waje, a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai, kaɗaici ya ci ni ba kaɗan ba. Iyalina suna Katsina. 'Yan uwana ɗalibai 'yan Arewa kusan duk da matansu suka zo, ana idar da sallar Juma'a kowa ya kama hanyar gidansa. Ni kuwa sai in yi tapau ɗin shinkafa, wato a ƙunsa mini in tafi da ita, a ɗan gidan abincin da suke kira mamak, in koma ɗaki in ci ina kallon ruwan sama.

A ofishin da aka ba ni tebur akwai wani dattijo ɗan Finland, malamin tarihi da ya zo aikin wucin gadi. Mutumin nan ya ba ni haushi. Ka gaishe shi, ka tambayi kwana da gajiya da iyali, sai ya gyaɗa kai kawai. Na ce wannan girman kai ne, na daina wahalar da bakina.

Wata rana na ga hoton wani ginin dutse a tsakiyar ruwa manne kusa da teburinsa, na tambaye shi ina ne. Ashe akwai baki! Ya ce garinsu ne, a bakin wani babban tafki. Mutanen Sweden ne suka fara gina wannan ganuwa a kan tsibiri don tare Rashawa, gari ya tsiro a gindinta, daga baya Rashawan suka ƙwace, suka daɗe kafin ya dawo hannun 'yan ƙasa. Kullum lokacin shayi sai ya ƙara mini kaɗan: jiragen ruwa masu jan gungumen katako, gobarar da ke cinye gidajen katako, tafkin da ke daskarewa har a taka shi da ƙafa. Har da almarar wani baƙin rago da ya hau katanga, mahara suka zaci shaiɗan ne suka ranta a na kare. Na yi dariya har da hawaye. A duk garin da nake karatun nan, dattijon kaɗai nake ɗokin gani da safe.

Ran nan ya ce, "Ka zo gidana a Brickfields ranar Asabar. Zan dafa miyar kifi irin tamu, in nuna maka sauran hotunan."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Amma ni Bakatsine ne, an tarbiyyantar da ni ba a amsa tayin abinci da farko kamar mayunwaci. Na ce, "Haba Farfesa, kada ka wahalar da kanka, ina ma da ɗan aiki." Na zuba ido ina jiran ya nace, in ƙara nokewa, a na uku in amsa.

Ya ce, "To." Ya juya ga aikinsa.

Asabar ɗin na goge shaddata, na fesa turare, na zauna a bakin gado da waya a hannu. Har la'asar ba ta yi ƙara ba. Na cire kayan ina ta masifa ni kaɗai: wane irin mutum ne ke gayyata sau ɗaya? Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni.

Ranar da zai koma ƙasarsu na raka shi tashar jirgin ƙasan da zai kai shi filin jirgin sama. Da ya miƙo mini hannu sai ya ce, "Na so ka zo ran nan. A garinmu sai mutum ya shekara da maƙwabci bai kira shi ciki ba. Tunda na zo ƙasar nan kai kaɗai na gayyata. Da ka ce kana da aiki, ban so in takura maka ba."

Na buɗe baki in gaya masa cewa a wajenmu a'a ta farko ba a'a ba ce. Jirgin ya riga ya tsaya, ya ja akwatinsa ya shiga.