Aikin da Ya Ci Maki Ɗari a Fayil ɗin Injiniya Antezana

Remberto Antezana ya shekara ashirin da biyu yana koyar da rubuta manhajar kwamfuta a wata jami'a mai zaman kanta a Cochabamba, kuma babu ɗalibin da ya taɓa ganin ya sa kwamfuta ta gwada abin da ya rubuta. A allo yake yi, da rubutu mai kyau kamar na katin gayyatar biki. Jarrabawa ma a takarda. In wani ya ce, "Injiniya, mu shiga ɗakin kwamfuta mana mu ga ko tana aiki," sai ya dube shi ta saman tabarau.

"Mu da muka koya da kwamfuta ɗaya ga mutum arba'in, mutuwa muka yi? Manhaja a ka take, ba a na'ura ba."

Kwamfuta ɗayar gaskiya ce. Ɗan mai gyaran rediyo ne daga Quillacollo, kuma a zamaninsu minti goma ake ba kowa a mako. Abin da ba ya faɗa shi ne, a minti goman nasa na'urar ba ta taɓa karɓar aikinsa ba. Da maki hamsin da ɗaya ya fita, daidai na tsallakewa. Ya yi wata bakwai a wani kamfani, ya bari, a cewarsa don kishin ilimi. Tun daga nan yake tsoron jan rubutun da kwamfuta ke fitarwa in an yi kuskure, kamar yadda wasu ke tsoron sakamakon asibiti.

Ranar da jami'a ta buɗe ofishin auna abin da ɗalibai suka koya, shi ya fara miƙa takardar nema. Aka ba shi kujera mai juyawa, aka rage masa azuzuwa daga biyar zuwa ɗaya. Can ya gano baiwarsa. Ya zana jadawali mai gida sittin da huɗu, wanda ke iya gaya maka kashi nawa na "tunani mai tsari" ya shiga kan ɗalibi a zangon karatu. Bango guda ya cika da fayil-fayil masu shuɗin baya. Malama Nélida Cossío, mai kula da ɗakin kwamfuta, takan leƙo da salteña, burodin nan mai nama a ciki, a hannu, romo na bin yatsunta.

"Injiniya Remberto, yau ilimi kilo nawa aka auna?"

"Ki yi ta dariya. Ranar da masu tantancewa suka zo, bangon nan ne zai riƙe miki aikinki."

Ƙa'ida ce kowane darasi ya sa aikin ɗalibai uku a fayil: mafi kyau, matsakaici, da mafi rauni. A ajinsa aikin shi ne manhajar da za ta jera marasa lafiya a asibiti bisa tsananin ciwo. Wata ɗaliba, Ximena Ayaviri, ta kawo tata layi goma sha huɗu, ta wata hanya da bai taɓa gani ba. Ya karanta sau uku bai gane ba, don haka ya ba ta sittin da biyar, ya rubuta "babu zurfi". Ta zama matsakaiciya.

Na mafi kyau kuwa, ya ce wa kansa babu wanda ya isa. Ya rufe ƙofa yammaci uku ya rubuta da kansa, ya buga, shafi huɗu, ya sa sunan wani Limbert Rocabado da ya bar karatu ya tafi Buenos Aires ɗinki. Ya ba shi ɗari. Wai don mutuncin jami'a. Amma can ƙasan ransa so yake, sau ɗaya a rayuwa, wani baƙo mai digiri uku ya ɗaga takarda ya ce, wannan hannun gwani ne. Bai gwada ta a kwamfuta ba. Masu tantancewar da ya sani, kaurin fayil suke dubawa, a kai su cin silpancho, shinkafa da nama da ƙwai, su sa hannu.

Bana aka turo Dakta Marcia Justiniano daga Santa Cruz. Ta wuce bangon ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce a ba ta ayyukan nan uku a filas, ta buɗe kwamfutarta a gaban shugaban tsangaya da Nélida.

Na mai rauni ya ƙi tashi, babu wanda ya yi mamaki. Na Ximena ya jera mutum dubu kafin Remberto ya gyara zama. Sai na maki ɗari. Jan rubutu ya fito. Ta gyara wani wuri, ta sake. Wannan karon ya tashi, ya sa mai mura a gaba, mai ciwon zuciya a ƙarshe, daga nan ya tsaya cak.

"Injiniya, wa ya ba wannan ɗari?"

Hanya biyu ce a gabansa. Ya ce shi ya rubuta, ya tashi daga kujerar nan a matsayin mai ƙirƙirar shaida, wanda bai iya abin da yake koyarwa ba. Ko kuwa ya jefa wa wanda ba ya nan. Bai ɗauki daƙiƙa biyar ba.

"Dakta, kin ga abin da nake fama da shi? Yaron nan ya yaudare ni da yawan shafi. Dubi nan, wane mahaukaci ne zai maimaita abu ɗaya sau shida? Ko ɗan aji ɗaya ba zai yi wannan shirmen ba!"

Nélida ta sunkuya kan takardar. Ta san salon nan, ta sha goge shi daga allo.

"Ikon Allah," in ji ta. "Yaron ya kwaikwayi malaminsa har da inda yake ajiye numfashi."

"Ɗalibi mai biyayya ne," in ji Remberto. Ya ci gaba da zagin aikin layi-layi, har Dakta Justiniano ta ce ya isa haka.

Rahotonta ya zo bayan wata guda. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: daga yanzu kowane malami zai gwada aikin ɗalibi a kwamfuta, a gaban ɗalibin, kafin ya ba da maki. Shugaban tsangaya ya miƙa wa ofishin aunawa aiwatar da wannan, wato Remberto.

Ya tsara takardar doka mai shafi tara, kyakkyawa ƙwarai. A sashe na bakwai ya rubuta cewa, don kauce wa son kai, shugaban ofishin aunawa ba zai riƙa koyar da kowane aji ba. Majalisar jami'a ta yaba da wannan sadaukarwa, har aka yi masa tafi. Ximena ta zo sau biyu neman a sake duba makinta, ya ce fom ɗin ƙorafi bai fito daga ɗab'i ba tukuna. Ajinsa na ƙarshe ya koma hannun Nélida ranar Litinin, ba tare da an rage mata ko ɗaya daga ayyukanta ba.