Ciwon Shawara a Gidan Mahauta

Har yau, in na bi ta wajen masu tsire na ji ƙanshin hanta a kan garwashi, sai na tsaya. Ba kwaɗayi ke tsayar da ni ba. Gidanmu na Mafara nake tunawa, tun kafin Turawa su bar ƙasar nan, da shekarar da idanuna suka rine.

Mu mahauta ne kaka da kakanni. Ranar kasuwa Fulani kan koro shanu daga wajen Maradun da Bakura, kakana ya zaɓa. Yana da wata ɗabi'a. In an feɗe saniya, ba mai sa wuƙa a nama sai ya ɗauki hantar, ya juya ta a tafin hannu, ya latsa, ya sansana. In ta yi sumul, sai ya ce a raba. In kuwa ta kumbura, kitse da nama duk sun yi rawaya, sai ya goge hannu ya ce a ja saniyar bayan gari a bar wa ungulu. Ba ya ko waiwayarta.

Ni kuma Allah ya yi ni da zullumi tun ina ƙarami. Abin da sauran yara za su gani su wuce, ni sai in ɗauke shi in yi ta juyawa.

Ƙarshen wata damina, lokacin da ruwan gulbi ya yi kauri kamar kunu, muna shansa haka nan, jikina ya mutu. Tuwo ya fita raina. Ƙanshin kitse, da na tashi a cikinsa, ya koma yana tayar mini da zuciya. Fitsarina ya yi duhu. Da na leƙa ɗan madubin Inna, mahaifiyata, sai na ga farin idona ya koma launin garin ɗorawa.

Ka tuna, abu ɗaya na sani game da wannan launi: bayan gari. Ga shi ƙanen mahaifina da irin wannan ido ya rasu. Sai na ɗauki tozalin Inna na rambaɗa, na riƙa tafiya kai a sunkuye, don kada kakana ya gani ya yanke mini hukunci.

Inna ce ta kama ni. "Wace amarya ce ta ƙarar mini da tozali?" Ta ɗago haɓata tana dariya, nan take dariyar ta tsaya. Ta ja ni zaure, inda kakana ke wasa wuƙaƙe. Ya sa babban yatsa ya ja fatar idona ƙasa, ya latsa ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, na yi ƙara.

"Shawara ce," ya ce mata.

Na fashe da kuka. "Kaka, don Allah kada a kai ni bayan gari!"

Ya dube ni, ya dubi Inna, sannan ya kece da dariya. "Kai, ɓarawon matata, wace ungulu za ta sauko don kai? Ƙashi da fata! Ko kyauta aka ba ni kai, sai an haɗa mini da gyara."

Da aka yi yanka ya sa aka kawo masa hanta har zaure. Ya nuna mini matsarmama a maƙale da ita. "Ka ga ruwan ɗacin nan? Aikin hanta ne. In ta yi ciwo, ko hanyarsa ta toshe, sai ya bi jini ya fito ga ido. Idonka lafiya lau, saƙo ya kawo." Ya nuna mini wani tabo a gefenta. "Wagga saniya ta taɓa ciwo, ta warke, ta yi ƙiba. Hanta na warkewa in an bar ta ta huta, in Allah ya yarda." Bai ce mini ba a mutuwa ba. Wannan ne ya sa na gaskata sauran.

Aka hana ni kitse da wasa, aka koma ba ni ruwan rijiya, da kunu, da wani jiƙon saiwa mai ɗacin tsiya. Ka san nauyin wannan a gidan da tukunya ba ta rabuwa da romo. Kakana ya ce a riƙa zuba masa irin nawa, wai ba zai bari in riga shi samun lada ba. Muna zaune a tabarma ɗaya, yana kurɓa yana yatsina fuska yana ɗora mini laifi. Ban san wani lokaci da ya fi wannan daɗi a ƙuruciyata ba. Kafin a gama ɗaure dawa, idona ya washe.

Yanzu akwai asibiti, ana ɗibar jini a gane irin ciwon hantar da ya kama mutum, wai ashe iri-iri ne, wani ma ba ya jira. Don haka in na ga ido ya sauya, ba na bari a tsaya jiƙe-jiƙe, sai a tafi. Zullumina dai bai bar ni ba. Jikokina na gudu in sun hango yatsana da safe, suna cewa tsoho ya fito duba. Ƙaramar cikinsu ce kaɗai ke zuwa da kanta, ta gwale ido da hannu biyu, ta ce, "Kaka, duba da sauri, kununa na hucewa."