Malam Dogo da Ruwan Shuka

Malam Dogo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka ina da ikon faɗin aibinsa, kuma na sha faɗa masa ido da ido. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare har na yi ritaya ina hedimasta, amma ban taɓa haɗuwa da kan da ya kai nasa tauri ba.

A Tudun Baushe muka tashi, tafiyar rabin awa daga Tsanyawa a kan babur. Wanda ya san yankinmu ya san ba mu da daji. Inda gonar wannan ta ƙare nan ta wancan ta fara, layin gamba ne kawai a tsakani. Da aka raba gadon mahaifinsu, abin da ya zo hannun Dogo bai cika kadada ɗaya ba. Da ita ya ciyar da matarsa Larai da 'ya'ya shida, har mazan suka girma suka tafi dakon buhuna a Dawanau.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko saran shuka. In ya ɗauki sungumi ya bi gona, sai ka rantse igiya ya ja, kuma bai taɓa yarda wani ya yi masa sara ba. Na biyu sahun gaba. Tun muna samari wurinsa ɗaya ne a masallaci, bayan liman ta hannun dama. Nakan tsokane shi in ce ko a takardar gado aka rubuta masa wurin.

Yana da shekara sittin da huɗu fitsari ya fara yi masa gardama. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, ya ɓoye wa kowa. Ranar da ya tsaya cak, a kwance muka kai shi asibiti, aka sa masa roba da jakar da fitsarin ke taruwa a ciki, ya riƙa ɗaure ta a cinya a ƙarƙashin riga. Bayan mako biyu sai aka daina ganinsa a cikin masallaci. Liman da kansa ya je ya same shi, ya ce wannan lalura ce, sallarsa ingantacciya ce.

Dogo ya ce, "Na ji, Malam, kuma na yarda. Amma ran Talata da azahar wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa gefe. Bai ce komai ba, bawan Allah, matsawa kawai ya yi."

Daga ranar ya koma shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar da ke bayan katanga, yana bin jam'i daga waje. Ba ya ƙorafin ciwo. Burinsa ɗaya ne, a cire masa robar nan ya koma wurinsa.

Ni na raka shi babban asibiti a birni, inda muka haɗu da Dakta Abdulkabir, likitan mafitsara, mutumin wajen Gezawa, mai kimanin shekara arba'in. Bayan gwaje-gwaje ya zaunar da mu ya ce akwai wata tsoka a wuyan mafitsarar kowane namiji. Ta Dogo ta kumbura, kuma akwai ciwon daji a cikinta, amma bai bazu ba tukuna. In an cire ta, za a cire robar. Hanyar da aka saba ita ce a tsaga mara.

Dogo ya girgiza kai. Wansa Mumini an tsaga shi a kan irin wannan ciwo, ya zubar da jini, bai sake riƙe fartanya ba har ya rasu. Ya ce shi ba za a yanka shi ba.

Likitan ya ce akwai wata hanyar. Ana yin ƙananan huda biyar a ciki, kowacce kamar kan ɗan yatsa, a zura kyamara da dogayen ƙarafa masu baki kamar hantsaki, likita ya yi aikin yana kallon talabijin. Jini kaɗan ne, kuma cikin 'yan kwanaki mutum ya tashi.

Dogo ya dube shi ya ce, "Likita, kai ka taɓa yi?"

Na taka masa ƙafa, amma likitan bai ji haushi ba. Ya miƙe ya sauko da wani kwalin taliya daga kan kabad. An huda shi wuri uku, an ɗaure tsohuwar waya a sama tana leƙen ciki, a ƙasa kuma ga wake a murfin kwalba. Ya ce shekara uku ke nan kullum da safe yake zura ƙarafan a kwalin, yana tsintar wake ɗaya bayan ɗaya, yana ɗinke fatar kaza, ba ya kallon hannunsa sai fuskar wayar. Ya yi wata shida a Indiya yana riƙe wa wani gwani kyamara, ya ga aiki sama da sittin, an bar shi ya yi ɗinki a wasu.

Ya ce, "Amma Baba, kwali ba ya zubar da jini. Sai na yi aiki ashirin daga farko har ƙarshe, malamina yana tsaye a bayana, kafin a ba ni izinin yi ni kaɗai. Zai zo nan ya yi kwana goma. Muna tara marasa lafiya, kuma kyauta ne."

Dogo ya karɓi ƙarafan ya gwada. Ya yi ta bin ƙwayar wake ɗaya tana zille masa har gumi ya keto masa, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba. Ya ce shi ma damina uku ya yi yana bin bayan mahaifinsa kafin a bar shi ya riƙe sungumi. Ya ce a rubuta sunansa. A motar komawa bai yi maganar kowa ba sai ta likitan nan mai tsintar wake.

Takarda ta zo, an sa goma ga watan Yuni. Har yau in na tuna raina yakan ɓaci. An duba hutun baƙon likita, an duba ranar da ɗakin tiyata ba shi da cunkoso, an duba komai, amma duk cikin masu manyan takardun nan babu wanda ya tambayi yaushe manomi yake shuka. Alhali yawancin sunayen da ke jerin na mutanen ƙauye ne.

Shekarar kuma ruwa ya yi jinkiri. Watan Mayu ya wuce ba ɗigo. Na ce wa Dogo ya yi binne, wato ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi, kamar yadda rabin gari suka yi. Ya ce binne caca ce, yayyafi kaɗan zai sa iri ya tsiro ya ƙone, shi bai gaji haka ba. Na ce to ya bar mini gonar, in ruwa ya sauka ba ya nan zan tara gayya. Ya ce, "Hedimasta, kai da ko layin ɗalibai ba ka iya miƙarwa?"

Ran tara ga wata, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har magariba. Duk gari ana murna, ni kuwa tunanin tafiyarmu ta gobe nake yi.

Da safe na je gidansa da jakata, na riga na yi magana da direban bas. Ba ya nan. A gona na same shi, ya ɗaure jakar fitsarin a ƙugu da tsumma, yana sara, Larai na biye tana jefa iri tana take da diddige. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Ya bari sai da na gama.

Ya ce, "Kwana goma baƙon zai yi. Danshin nan kuwa kwana biyu ne. In na rasa shi, me za mu ci, ni da wannan baiwar Allah? Jibi mu tafi."

Ba rashin hankali ba ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Mai gona ƙasa da kadada ba ya wasa da ruwan farko. Sai dai ƙarfinsa ba na da ba ne. Aikin kwana biyu ya ci huɗu, kuma jijjigar sara ta taɓa robar har ta yi masa rauni, zazzaɓi ya kwantar da shi kusan mako guda. Sau uku Dakta Abdulkabir yana kirana a waya. Ranar da muka isa asibiti, aka ce mana baƙon ya hau jirgi jiya.

Mun sami likitan a ofis, ya rame. Cikin mutum ashirin da biyu da aka rubuta, bakwai ne suka zo. Sauran suna gona.

Dogo ya ce, "To ka yi mini kai kaɗai. Na yarda, ka koya a kaina. In na mutu kwanana ne ya ƙare."

Likitan ya ce, "Baba, bakwai ba su isa ba. In na huda hanji ko babbar jijiya, duk asibitin nan babu wanda zai karɓi ƙarafan daga hannuna. Kai ka yarda, ni ban yarda ba." Ya roƙe shi ya bari a yi masa na tsagawa. Dogo ya ce zai jira baƙon, tunda an ce zai dawo baɗi.

Bai dawo ba. Aka kulle kayan aikin a sito. Bayan kaka ta biyu, da ciwon baya ya hana Dogo sunkuyawa, da bakinsa ya ce a kai shi a yanka. Hoto ya nuna ciwon ya shiga ƙashi, babu sauran abin yankawa. Wani likita ne ya gaya mana, domin Dakta Abdulkabir ya tafi Saudiyya, inda aka ce aikin yana da yawa kuma akwai mai tsaya masa a baya. Ban ga laifinsa ba, ko da yake na so in gani. Kwalin yana nan a kan kabad. Da likitan ya fita na leƙa ciki, ƙwari sun cinye waken.

Geron da ya shuka a wancan ruwan kuwa ya yi kyau, dami arba'in da uku, bai taɓa samun kamarsa ba. Yakan faɗa mini haka in na je gaishe shi, ni kuwa na riga na daina tsokanarsa.

Ya rasu a bazarar da ta wuce, da hantsi, kafin ruwa ya sauka. Ni da liman muka yi masa wanka. Da hannuna na cire robar, bayan shekara uku da wata huɗu, kuma cirewar ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Bayan azahar aka shimfiɗe shi a gaban liman a ƙofar masallaci, mutane suka matso kafaɗa da kafaɗa. A wannan karon babu wanda ya matsa gefe.