Moutari da Kwanon Dona Creuza

Moutari mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Birni, amma a Vaulx-en-Velin, can gabashin Lyon, ba wanda ya san shi da wani suna sai mai asansar. Asansar ɗin nan ita ce akwatin da ke hawa da mutane bene, kuma a dogayen gidajen unguwar ba ta cika sati ba ta yi fushi ta tsaya ba. Ya zo Faransa karatun lantarki a shekarar dubu biyu da huɗu, ya gama, ya samu aiki, ya shiga fito da tsofaffi da masu ciki daga tsakanin hawa biyu. Mutum ne mai fara'a da surutu, kuma abokansa sun shaida ba a taɓa ganin ya bar loma a kwano ba.

Wata Talata a Rillieux-la-Pape, wani gari kusa da Lyon, ya buɗe wata asansar da ta maƙale awa biyu, ya iske mace zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa tana waƙa abinta. Sunanta Jurema, 'yar Brazil, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ta wanke shi tas da Faransanci mai karkacewa fiye da nasa. Ya ba ta haƙuri, ya ba ta lambarsa, wai ko za ta sake maƙalewa. Ba ta sake maƙalewa ba, amma ta kira.

Bayan shekara biyu ya yi maganar aure. Jurema ta ce ta yarda, sai dai ita kaɗai uwarta ta haifa, kuma ba za ta yi aure ba sai uwar, Dona Creuza, ta ga mijin da idonta ta sa albarka. Uwar tana Rio de Janeiro, a favela, wato irin unguwannin nan da talakawa suka gina da hannunsu a jikin duwatsun birnin. Moutari ya ji daɗi har ya kasa zama. Ya ɗauki hutun sati biyu, ya sayi turmin atamfa uku, suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Kafin su tashi zuwa Brazil ya ce sai ya biya unguwar Belleville ya ga Baba Ɗan Juma, abokin mahaifinsa, mutumin Maraɗi mai shagon ɗinki, wanda duk ɗan Nijar da zai yi aure a Faransa sai ya ratsa ta gabansa.

Tsohon ya ajiye almakashi ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai da ka baro gida kana yaro, mi ka sani ga sha'anin surukuta? Bon, saurara. In ka gan ta, ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Kada ka dube ta cikin ido, kada sunanta shi hito bakinka. Abinci kuwa, ko yunwa za ta kashe ka, ba ka ci gabanta. Ni shekara talatin da surukata, ko ruwa ba ta taɓa ganin na sha ba."

"Baba, can fa Brazil ne."

"To, sai mi? Mutanen Brazil ba su san ɗan mutunci ba in sun gan shi?"

Moutari ya fito yana jin kansa cikakken mutum. Dama haka ya ga yayyensa suna yi a Birni, kuma ya ƙudura zai nuna wa wannan baiwar Allah irin tarbiyyar da ba ta taɓa gani ba. Bai faɗa wa Jurema komai ba, don yana so abin ya zo mata ba zato.

A Rio, tasi ya sauke su a gindin dutse, direban ya ce nan kwalta ta ƙare. 'Yan kabu-kabu suka ɗauke su, suka yi sama da su ta wata hanya mai lanƙwasa, Moutari ya rungume akwati da hannu ɗaya, ɗayan ya damƙe rigar mai babur yana salati yana dariya. Inda babur ya gaza, matakala ta karɓa. Ya ƙirga har ɗari uku da sha ɗaya, shi da ya yi shekaru yana raba mutane da hawan matakala. Gidaje na jan bulo ba shafe, wani a kan wani, rufin wannan shi ne tsakar gidan wancan. Kowane rufi da shuɗin tankinsa, don ruwa ba kullum yake hawowa ba. Kwata na gangarowa gefen matakalar, kiɗa na fita ta kowace taga, wani ƙato ya wuce su da tukunyar gas a kafaɗa yana fito. Da Moutari ya ga yadda wayoyin wuta suka cukurkuɗe a kan falwaya guda, sai ya tsaya ya kama baki, Jurema ta ja shi da ƙyar. Lungunan kuwa sun yi masa daɗi ƙwarai, don sun tuna masa da na Birni, inda mutum biyu ba sa wucewa sai sun gaisa.

Dona Creuza na tsaye a ƙofarta, gajeriya, kakkaura, ta sha sabuwar riga, maƙwabta sun cika tagogi. Ta rungume 'yarta ta yi kukanta, sannan ta buɗe hannu biyu ta nufo surukinta. Shi kuwa a daidai lokacin ya cire takalmi ya zube ƙasa, kai a sunkuye. Tsohuwa ta rungumi iska. Da ta gan shi a durƙushe yana kallon ƙasa, ta ɗauka wani abu ya yar, ita ma ta durƙusa tana taya shi nema. Lungu ya kwashe da dariya har hawa uku.

Wannan an yi dariya ya wuce. Abinci ne ya ɓata lamarin. Jurema ta riga ta gaya wa uwarta cewa Musulmi ne, ba ya cin naman alade, don haka tsohuwa ta sauka har gindin dutse ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta dafa baƙin wake da shinkafa da kifi. Ta zuba masa tuli, ta zauna gabansa ta zuba tagumi tana murmushi. Ƙamshin ya kusa sa shi kuka. Ya dubi bango ya ce ya ƙoshi. Da yamma haka, washegari haka. Cikinsa na ƙugi ana ji daga ɗaki, shi kuwa yana alfahari da kansa.

A rana ta biyu yunwa ta ci ƙarfinsa. Ya ce zai miƙe ƙafa, ya gangara matakala ɗari uku da sha ɗaya, ya bi hanyar babura har gindin dutse, ya tsallaka kwalta, ya shiga wani gidan abinci mai gilashi, ya cinye kwano biyu. Bawan Allah ya ɗauka ya yi sirri. Bai san cewa a wannan dutsen, kafin baƙo ya hau matakala ta goma, labarinsa ya kai ta ƙarshe ba. Da ya dawo, Dona Creuza ta shige ɗaki ta ja labule.

Jurema ta fito da shi waje, idonta ja.

"Me mahaifiyata ta yi maka?"

Ya yi mata bayanin kunyar suruka tun daga farko, har da shekara talatin ɗin Baba Ɗan Juma. Ta saurare shi, ta shiga ta fassara. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: tsohuwa ta ce ba wata ƙasa a duniya da ake girmama mutum da ƙin abincinsa.

Sai Jurema ta nuna masa dogayen fararen gidajen da ke can ƙasa bakin teku. Ta ce uwarta ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗaya daga cikinsu, tana dafa wa masu gidan, tana raino, tana shiga ta ƙofar baya. Suna cin girkinta, amma kofinta da kwanonta daban ake ajiye su, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Da wannan aikin ta sayi bulon gidan nan, ta hau da shi a kanta, bakwai-bakwai. Yanzu ga surukinta ya zo daga Faransa, ba ya kallon fuskarta, ba ya kiran sunanta, ba ya taɓa kwanonta, amma ya sauka can ya ci.

"Ran Lahadi za a zuba rufin gidan," in ji Jurema. "Ta ce a ranar za ta sake zuba maka. In ka ƙi, ka koma kai kaɗai. Ni ma na ce haka ne."

Kunya ta gaske ta kama Moutari, ba irin wadda ya zo da ita a akwati ba. Ya hau inda waya ke kamawa ya kira Belleville.

"Gwada ka takai," in ji Baba Ɗan Juma. "Duk haka sukai. In ka ci, ka hwaɗi. Ka daure, ɗana, mon petit."

Ya kashe wayar ya zauna kan tanki. Yana son Jurema, yana tsoron rasa ta, amma da ya kwatanta kansa yana tauna a gaban matar da ta haife ta, sai ya ji kamar an ce ya fita kasuwa ba wando.

Lahadi da sassafe dutsen ya tashi. A can, in mutum zai zuba rufin siminti ba ya ɗaukar leburori, maƙwabta yake kira, ya dafa musu abinci, don rufin sai an zuba shi gaba ɗaya ba tsayawa. Moutari na ganin layin mutane a matakala, bokiti na tafiya hannu zuwa hannu, ya gane abin nan take. Gayya ce, irin ta gonar kakansa. Ya tuɓe riga ya faɗa layi. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma kafin hantsi ya koya musu amshin wata waƙar noma, suna rerawa a karkace suna tuntsira dariya. Da aka ce ya hau sama ya karɓi bokiti, ya leƙa ya ga Dona Creuza na girki daidai ƙarƙashin katakon da zai taka. Don kada ya ƙetare kan suruka da takalmi, ya cire su ya bi kan rodi da tsakuwa ƙafa ba komai, yana tsalle kamar mai taka garwashi, mutanen suka ɗauka rawar ƙasarsu ce, biyu suka kwaikwaye shi.

Da azahar aka shafe rufin. Aka koma rufin maƙwabci, aka jera kujerun roba, aka hau da tukwane. Birnin duka yana ƙasa, teku na ƙyalli. Mai ganga ya fara, mata na rabon kwanuka. Dona Creuza ta ɗauko sabuwar tukunyar nan da kanta, ta zuba, ta ajiye gaban Moutari, ta ja kujera ta zauna dab da shi, ta harɗe hannu. Gangar ta yi shiru. Jurema na tsaye bayan uwarta, ba ta ko ƙifta ido.

Moutari ya yi bismilla ya ɗauki cokali. Ɗiban farko, wake ya zube a cinyarsa. Ya sake ɗiba. Gumi ya keto masa, kunnuwansa suka yi zafi. Ya ɗago kai a karo na farko ya dube ta cikin ido, ya kai cokalin baki. Tauna ta gagara, haɗiya ta gagara, hawaye ya zubo masa, lomar na nan cikin kunci.

Dona Creuza ta daɗe tana kallonsa. Ta san fuskar mai ƙyama sarai, shekara talatin da ɗaya tana ganinta, kuma wannan ba ita ba ce. Ta saki hannunta. Ta miƙe, ta ɗaga kujerarta, ta juya ta, ta zauna ta ba shi baya tana fuskantar teku. Ta faɗi wata magana ba tare da ta waiwayo ba.

Jurema ta fassara, tana dariya tana share ido. "Ta ce ba ta kallonka, ɗanta. Ka ci."

Ganga ta dawo da ƙarfi. Moutari ya sunkuya ya ci kamar wanda aka kora daga gari, har ya suɗe gefen kwanon da yatsa. Da ƙarar cokali ta tsaya, Dona Creuza ta miƙo hannu ta baya, ido na kan teku, ta lalubo kwanon, ta shafa cikinsa da yatsu ta ji wayam. Ta jawo tukunyar da ƙafa, ta sake cika shi, ta miƙo masa ta kan kafaɗarta.